Lambar Hubble: Me Ya Sa Awo Biyu Suka Ƙi Daidaituwa Kan Faɗaɗar Sararin Samaniya?

Mai riƙe da babbar waya ya saba da wannan: da safe ta nuna cajinta zai kai ƙarfe 9 na dare, amma kafin magariba ta mutu. Ko dai batirin ne ya sami matsala, ko kuma lissafin da manhajar ke yi ne ya kauce. Irin wannan tambayar ce ta tsaya wa masana ilimin taurari a yanzu, game da saurin da sararin samaniya ke faɗaɗa.

Me ake aunawa?

A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa manyan gungun taurari, wato galaksi, suna nesanta da mu, kuma iya nisan galaksi iya saurin tafiyarta. Adadin da ke nuna wannan sauri shi ake kira lambar Hubble. Ana lissafa shi da kilomita a sakan ga kowane megafasek, wato nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26. Idan lambar 70 ce, galaksin da ke nisan megafasek 100 tana ja da baya da kilomita 7,000 a kowane sakan.

Hanya ta farko: awo kai tsaye

Saurin galaksi ba shi da wuyar ganewa, domin haskenta na rinjaya zuwa ja idan tana nesanta. Nisan ne aiki. Akwai wasu taurari da ake kira Sefid, masu ƙara haske suna ragewa a kan ƙa'ida. Henrietta Leavitt ta gano cewa tsawon lokacin wannan bugawa na nuna ainihin ƙarfin haskensu. Idan aka kwatanta shi da dusashewar da ake gani daga nan, sai nisa ya fito. Da su ake saita awon wata irin fashewar tauraro mai suna sufanoba, wadda ake hangowa daga nesa sosai. Tawagar SH0ES ta Adam Riess ta bi wannan hanya da na'urar hangen nesa ta Hubble, a 2022 ta sami 73, da yiwuwar kuskuren kusan 1.

Hanya ta biyu: lissafi daga farko

Tauraron ɗan'adam na Planck, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, ya ɗauki taswirar haske mafi tsufa, wanda ya fito kimanin shekara 380,000 bayan Babbar Fashewa. Ba ya auna saurin yau. Ana zuba bayanansa ne a cikin tsarin lissafi mai suna Lambda-CDM, shi kuma ya fitar da abin da ya kamata saurin ya kasance a yau, kamar yadda manhajar waya ke hasashen caji. Sakamakon 2018 ya ba da 67.4, da yiwuwar kuskuren 0.5.

Ina matsalar?

Tazarar kusan kashi 8 cikin 100 ce. Ko an rage wa 73 iya kuskurensa, an ƙara wa 67.4 nasa, ba za su haɗu ba. An yi zargin cewa hasken taurarin da ke kewaye da Sefid ne ke ruɗar na'urar Hubble. Sai aka sake duba su da na'urar James Webb, wadda aka harba a Disamba 2021 kuma ta fi gani tar. Awon da tawagar Riess ta yi da ita ya yi daidai da na baya. Duk da haka ba a rufe maganar ba, domin Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago ta yi amfani da wasu jajayen manyan taurari, ta sami kusan 70.

Idan kuskuren a awo yake, gyara kawai za a yi. Idan kuwa awon duka biyu daidai ne, to Lambda-CDM ne ke da giɓi. Da shi aka lissafa shekarun sararin samaniya biliyan 13.8, don haka gyara shi zai iya taɓa wannan adadi, ya kuma nuna akwai wani abu a farkon al'amarin da ba a sa a lissafi ba.

Mai karatu da ya ci karo da sabuwar lambar Hubble a intanet, sai ya duba abu biyu kafin ya tura wa wani: ta wace hanya aka same ta, kuma nawa ne yiwuwar kuskuren da aka rubuta a gefenta.