Yadda Ake Tantance Aikin Gyaran Dausayin Cikin Gari a Amurka

A Amurka, idan hukumar birni ta nemi kuɗin gwamnatin tarayya domin gyara wurin shaƙatawa da ke cikin dausayi, sai an auna abin da aikin zai jawo wa muhalli kafin a fara shi. Tushen wannan ƙa'ida shi ne dokar NEPA, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970. Dausayin cikin gari yana shanye ruwan ambaliya, yana tace ƙazanta, yana kuma ciyar da tsuntsaye da kifaye, shi ya sa ake taka-tsantsan da shi.

Da farko ana rubuta bayanin aikin dalla-dalla: ko gadar katako ce ta masu yawo, ko yashe magudana, ko filin ajiye motoci, tare da dalilin yin sa.

Daga nan masana su shiga fili su shata iyakar dausayin. Alamomi uku suke bi, kamar yadda littafin jagora na Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka na 1987 ya tsara: tsirrai masu son ruwa, ƙasar da ta daɗe tana jiƙe, da shaidar kwanciyar ruwa. Wannan mataki yana da nauyi, domin in aka yi kuskure wajen shatar iyaka, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace.

Sai a zaɓi zurfin binciken. Ƙananan gyare-gyare irin waɗanda aka san ba su da illa ana iya keɓe su daga dogon bincike. Idan akwai shakka, ana rubuta taƙaitaccen rahoto, wanda gyaran dokar na 2023 ya ƙayyade masa shafi 75 da wa'adin shekara ɗaya. Idan ana tsammanin babbar illa, sai cikakken rahoto, mai wa'adin shekara biyu. Ana kwatanta aikin da wasu hanyoyin yin sa, har da barin wurin yadda yake.

Ana cikin haka ake tuntuɓar sauran hukumomi. Zuba ƙasa a dausayin da ke ƙarƙashin Dokar Tsabtar Ruwa ta 1972 yana buƙatar izinin Injiniyoyin Soja, bisa sashe na 404. Idan akwai halittun da ke dab da ƙarewa, wata doka ta 1973 ta wajabta shawara da Hukumar Kifi da Namun Daji. Wata doka ta 1966 kuma ta tanadi duba kayan tarihi da jin ta bakin ƙabilun asali. Mazauna unguwa su ma sukan sami damar faɗin albarkacin bakinsu, musamman a kan cikakken rahoto.

Wajen rage ɓarna, jerin ba ya sauyawa: a kauce wa dausayin in da hali, a taƙaita illa in babu makawa, sannan a rama abin da aka rasa ta hanyar farfaɗo da wani dausayin.

A ƙarshe hukuma ta fitar da hukunci a rubuce: ko sanarwar cewa babu babbar illa, ko takardar yanke shawara bayan cikakken rahoto. Sai a saki kuɗi a fara aiki, a ci gaba da sa ido a kan sharuɗɗan da aka gindaya.