Fiyod: Kwarin da Ƙanƙara Ta Haƙa, Teku Ya Cika

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na labarin ƙasa a wannan mako zai kai mu ƙasar Norwe, inda teku ke kutsawa cikin tudu ta tsakanin dogayen duwatsu. Wannan mashigi shi ake kira fiyod.

Yaya aka yi ya samu? A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, manyan curinta sun riƙa gangarowa a hankali, suna jan duwatsu a ƙarƙashinsu, suna kankare ƙasa har suka haƙa kwari mai siffar harafin U. Da ƙanƙarar ta narke, sama da shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya shigo ya cika ramin. Ga abin da masu zana jarrabawa ya kamata su riƙe: cikin fiyod ya fi bakinsa zurfi, domin a baki ƙanƙarar ba ta da kauri, kuma a nan ta zubar da tarkacen da ta kwaso. Sognefjord, wanda ya fi kowanne tsawo a Norwe, ya kai kilomita 205, zurfinsa kuwa ya haura mita 1,300.

Ƙaramin jirgin ruwa ya fi dacewa da wannan yawo. A Nærøyfjord akwai inda faɗin ruwan bai wuce mita 250 ba. Daga kan ƙaramin jirgi mutum na iya ganin gaggafa mai farin bindi, wadda buɗin fikafikanta kan haura mita biyu, tana suran kifi. Can arewa wajen Tromsø, a lokacin hunturu, manyan dabbobin teku masu baƙi da fari da ake kira oka sukan biyo garken kifin herin har cikin fiyod.

Sai dai kyan wurin ya jawo masa matsala. Hayaƙin manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido yakan maƙale tsakanin duwatsu, ya rasa hanyar fita. UNESCO ta sa Nærøyfjord da Geirangerfjord cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, kuma a 2018 majalisar Norwe ta yanke shawarar hana jirage masu fitar da hayaƙi shiga cikinsu. Daga baya an ɗaga wa manyan jirage ƙafa zuwa 2032. A ganinmu wannan sassauci ya yi yawa, tunda tun 2018 akwai jirgi mai amfani da batir da ke jigilar baƙi tsakanin Flåm da Gudvangen.