Shanyewar Ɓarin Jiki Da Ciwon Huhu

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa har maƙogwaronsa yakan raunana. In ya haɗiyi ruwa ko kunu, ko miyaunsa ma, sai wani ya zarce huhu tare da ƙwayoyin cuta na baki. Mai lafiya zai ƙware, ya yi tari ya fitar. Shi kuwa tarinsa ba ƙarfi, wani ma ba ya tari sam. Ta haka ciwon huhu ke kama shi a asibiti, galibi cikin kwana 7 na fari, balle tsoho ko wanda ba ya cikin hayyacinsa.

To, kada tausayi ya sa masu jinya su ɗura masa kunu yana rigingine. A bari likita ya gwada haɗiyarsa tukuna, a tashe shi zaune, a riƙa wanke masa baki.