Wutar da ke cikin jakarka

Ɗana,

Shekaranjiya da na shigo gidanku na tarar ana haɗa maka kaya. Mahaifiyarka tana ƙulla kuka da daddawa a leda, kai kuma kana durƙushe gaban babban akwati. A kan idona ka naɗe kwamfutarka cikin babbar riga, ka cusa ta tsakiyar tufafi, ka bi ta da fawa banki guda biyu, sannan ka hau akwatin da gwiwa don zif ya rufu. Ban tanka ba a lokacin, domin falon cike yake da 'yan sallama, kuma ba na son yi maka gyara a gaban ƙannenka. Amma abin ya kwana a raina, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Na san dalilinka. Tafiyar doguwa ce, ga yada zango a hanya, jakar goyo kuma nauyi gare ta. Kana ganin babu inda kwamfuta za ta fi samun kariya kamar tsakiyar tufafi. Kai kwamfutar kake tausaya wa. Ni kuwa mutum ɗari biyu ko uku nake tunawa, waɗanda za su zauna a saman akwatin nan ba tare da sun san abin da ke cikinsa ba, kai ma kana cikinsu.

Batirin kwamfuta da na waya da na fawa banki ba irin na tocila ba ne da muka taso muna saye a kanti. Wannan da sinadarin litiyam ake yin sa, kuma duniya ta rungume shi ne saboda yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. A cikinsa akwai ɓangarori biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Abin da ya raba su wata 'yar leda ce da ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma duk suna jiƙe da wani ruwa mai kama wuta. In ledar nan ta huje, ko don an danne batirin, ko ya faɗi, ko ya sha zafi, ko tun daga masana'anta aka yi kuskure, sai ɓangarorin su haɗu, zafi ya fara hawa. Daga nan zafin shi ke ciyar da kansa, har ya haura digiri 500. Batirin kwamfuta kuma ɗaki-ɗaki ne, in ɗaya ya kama sai ya kunna wa maƙwabcinsa, kamar rumfunan kasuwa a tsakiyar hunturu.

Ni na gani da idona. Wata rana da la'asar aka kawo wuta, na jona fawa bankina na ajiye a kan kujerar falo, na shiga alwala. Da na fito, wani wari na fara ji mai zaƙi-zaƙi, irin na sinadarin goge fenti. Na duba, sai na ga ya kumbura kamar burodi, gefensa ya tsage, yana wani ɗan huci a hankali. Kafin in cire cajar daga bango farin hayaƙi ya turnuƙe, sai ga harshen wuta yana feshowa ta gefe ɗaya, ba irin cin wutar itace ba, irin hucin risho in an matsa masa iska. Da shebur na kwashe shi zuwa tsakar gida, muka sheƙa masa ruwa ya mutu. Muna tsaye muna salati, bayan 'yan mintoci ya sake kamawa, sai da muka nutsa shi cikin bokiti. Abin da ba na mantawa shi ne, a ranar ina da ƙofa a buɗe, ina da tsakar gida, ina da randa cike da ruwa, kuma hancina yana kusa. Ɗauke waɗannan duka, ka sa abin a tsakiyar atamfa da shadda cikin akwati rufaffe, sannan ka ɗaga shi sama ƙafa dubu 35.

Ku yaran yanzu ba ku san tsoron wuta a jirgi ba, Allah kada ya sa ku sani. Mu mun sani. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin da ya ɗauko alhazanmu daga Jidda zuwa Sakkwato tayoyinsa suka fashe a lokacin tashi, aka naɗe su cikin jirgi suna cin wuta. Matuƙa sun juyo za su sauka, amma wutar ta riga su. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Wannan ba batir ba ne, amma tun daga ranar na gane cewa wuta a sama da mintoci ake lissafa ta. Babu gefen titi da direba zai faka, babu taga da za a buɗe. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na batir ma ya faru. A watan Satumba na 2010, wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya tashi daga Dubai zai tafi Jamus, cikin kayansa akwai batiran litiyam fiye da dubu 80. Wuta ta tashi a cikin kayan, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi har matuƙi ya daina ganin agogunan da ke gabansa. Jirgin ya faɗi kusa da Dubai, matuƙan biyu suka rasu. Daga watan Afrilu na 2016, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a yi dakon irin waɗannan batira a matsayin kayan fatauci cikin jirgin fasinja.

Ka gane bambancin sama da ƙasa a cikin jirgi, domin a kansa aka gina dokar duka. Ɗakin da ake zuba kayan awo yana ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji, kuma da zarar an tashi babu mai leƙa shi. Akwai na'urar jin hayaƙi, akwai iskar kashe gobara da matuƙi zai saki, amma ita harshen wuta take dannewa, ba ta sanyaya batirin da ke tafasa daga ciki. Hukumar jiragen saman Amurka ta taɓa yin gwaji, ta sa kwamfuta a akwati kusa da gwangwanin feshi, ta zafafa batirin da gangan. Gwangwanin ya fashe da ƙarfin da zai iya rinjayar na'urar kashe gobarar. Na ga turaren feshi har uku a akwatinka, a gefen rigar da ka naɗe kwamfutar. A sama kuwa, inda mutane ke zaune, akwai hanci da ido. Ma'aikatan jirgi an horar da su a kan haka: su kashe harshen wutar, su yi ta zuba ruwa ko lemo har abin ya huce, su sa shi a mazubi da ruwa, su sa masa ido har a sauka. Wutar da ta tashi a gaban mutane, galibi ana cin ƙarfinta.

Shi ya sa ƙa'idar take haka. Fawa banki da duk batirin da ba a jikin na'ura yake ba, ba ya shiga kayan awo ko kaɗan, sai jakar hannu. Kwamfuta ma jakar hannu ce wurinta. Kamfanoni da yawa suna barin a sa ta a kayan awo in dole ta kama, amma sai an kashe ta ɗungurungum, ba a rufe murfi kawai a bar ta tana barci ba, domin mai barci tana iya farkawa cikin tufafi ta yi ta zafi babu iskar sha. Sannan akwai iyakar girma. A bayan yawancin batira za ka ga lamba da haruffan Wh a gefenta. In bai wuce 100 ba, ka wuce da abinka. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma ba a wuce guda biyu. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Fawa banki mai 20,000 mAh yana wajen 74 Wh ne, wanda ya wuce 27,000 kuwa ya tsallake ɗari. Irin manyan nan da muke saye saboda rashin wuta, masu hannun riƙewa kamar fitilar ƙwai, ka bar wa ƙannenka su a gida. In kuma rubutun bayan ya goge, ma'aikaci yana da hurumin karɓewa, kada ka tsaya musu da shi.

Wata magana kuma game da ita kanta kwamfutar. Na ji ka ce ta hannu ce ka saya, kuma babu laifi a haka, yawancinmu haka muke yi. Amma ka san tarihinta. A watan Yuni na 2019 kamfanin Apple ya yi kira da a dawo masa da wasu kwamfutocinsa samfurin MacBook Pro masu allon inci 15, waɗanda aka sayar tsakanin Satumba 2015 da Fabrairu 2017, saboda batirinsu yana iya yin zafi ya kama wuta. A Amurka kaɗai sun haura dubu 400. A watan Agusta hukumar jiragen Amurka ta tunatar da kamfanoni cewa ba a hawa jirgi da su sai an sauya batirin. Wasu kamfanonin, irin su Qantas da Virgin Australia, da suka ga ma'aikacin kanta ba zai iya tantance mai lafiya da maras lafiya ba, sai suka hana sa har waɗanda ba sa cikin kiran a kayan awo. Kafin wannan, a Oktoba 2016, an haramta hawa jirgi da wayar Samsung Galaxy Note 7 gaba ɗaya, ko a aljihu ko a akwati. To irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci, in mutanen can sun gama da su, ina kake tsammani suke ƙarewa? Kasuwanninmu. Don haka ko ta wane kamfani ce taka, ɗauki lambar da ke ƙasanta ka shiga shafin kamfanin a intanet ka duba ko tana cikin waɗanda aka yi kira a kansu. Sannan ka ɗora ta a kan tebur. In tana rawa ba ta zauna daram ba, ko wurin shafa yatsa ya taso, ko murfin ya daina haɗuwa, batirin ya kumbura. Kai wa mai gyara ya sa sabo mai kyau kafin ranar tafiya. Kuɗin batir ni zan biya, kada ka ji nauyi.

Hausawa suna cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Fawa banki ya zama abin raini a hannunmu, muna kwana da shi ƙarƙashin matashi. A ranar 28 ga Janairu 2025, a birnin Busan na Koriya ta Kudu, jirgin Air Busan yana shirin tashi zuwa Hong Kong sai wuta ta tashi daga ma'ajiyar jakunkuna da ke saman kan fasinjoji. Mutum 176 suka fice ta ƙofofin gaggawa, rufin jirgin ya ƙone. Masu bincike fawa banki suka nuna wa yatsa. Allah ya taƙaita, jirgin yana ƙasa. Tun daga nan dokoki suka ƙara tsauri: Koriya ta hana ajiye shi a ma'ajiyar sama, Singapore Airlines ya hana caji da shi a cikin jirgi, Emirates ma ya bi sahu daga Oktoba 2025. Kowane kamfani da tasa ƙa'idar, kuma tana sauyawa, saboda haka ka karanta ta wanda za ka hau. Ni dai shawarata, ka riƙe shi inda hannunka zai kai, a aljihun kujera ko a jakar da ke gaban ƙafarka, kada ka haɗa shi da makulli ko tsabar kuɗi.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi, wato saƙo. Ka san halinmu, da an ji za ka yi tafiya kowa zai taho da ƙunshinsa, a naɗe da salatif, a ce kai wa ɗana, kai wa mijina. Kunya ba za ta bar ka ka ce a buɗe ba. Na taɓa dawowa daga Umara tare da wata dattijuwa, muna zaune ana jiran kiran jirgi sai aka yi ta kiran sunanta a lasifika. Aka tafi da ita, aka buɗe akwatinta a gabanta, sai ga fawa banki shida a cikin wani ƙunshi da aka ba ta saƙo. Ba ta ma san mene ne su ba. Ta dawo tana share hawaye da gefen mayafi, ba don kayan ba, don an tambaye ta a wurin awo ko akwai batir a akwatinta ta ce babu, yanzu ga shi an ɗauke ta maƙaryaciya. Wanda ya ba ta saƙon ba mugu ba ne, rashin sani ne. Kai kuwa ka sani. Duk wanda ya kawo maka ƙunshi, ka karɓa da hannu biyu, ka ce masa dokar jirgi ce sai an buɗe. In ma'aikaciyar awo ta tambaye ka, ka faɗi gaskiya, ko da za ka buɗe akwati a gaban layi kowa yana kallo.

Wani lokaci a bakin ƙofar jirgi za a ce wuri ya cika, a karɓi jakar hannunka a kai ta ƙasa. Kada ka miƙa sai ka zaro kwamfuta da fawa banki ka riƙe a hannu. In wayarka ta zame ta faɗa tsakanin kujeru, kada ka motsa kujerar, ƙarfenta yana iya murƙushe batirin. Kira ma'aikaci ya ciro maka. In kuma ka ji na'urarka ta yi zafin da ba ka saba ji ba, ko ka ji irin warin nan da na gaya maka, ko a jakar maƙwabcinka ne, ka yi magana nan take. Ba za su yi maka faɗa ba, abin da suke roƙon fasinja ke nan.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan biyo. Ka fito mini da kwamfutar da fawa bankin nan biyu mu duba bayansu tare, ka kuma tara duk saƙonnin da aka kawo a buɗe su a gabana. In akwai wanda zai ji haushi, ka ce Baffa ne ya sa.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba da abin da za a je nema.

Baffanka