Gayyar Lambun Furanni A New York

A ƙasar Amurka akwai wani babban birni da ake kira New York. Gidajensa dogaye ne ƙwarai, har akwai waɗanda suka fi hawa ɗari, mutane kuwa ga su nan kamar tururuwa. A tsakiyar birnin an keɓe wani fili mai eka 843, aka shuka itatuwa, aka haƙa tafkuna, don jama'a su sami wurin shan iska. Sunan filin Central Park.

Can wajen arewa maso gabas na filin nan akwai wani lambu mai eka 6, wanda aka buɗe a 1937. Ba a shuka albasa ko barkono a cikinsa, sai furanni da itatuwan ado, don kallo da ƙanshi. Ana ce da shi Conservatory Garden.

To, a 1975 baitulmalin birnin ya kusa ƙarewa ƙaf. Aka sallami ma'aikata da yawa, har da masu kula da filayen shan iska. Lambu kuwa ba ya jiran a sami kuɗi. Kafin 'yan shekaru ciyawa ta cinye komayen furanni. Itatuwan shinge suka yi tsawo, suka yi duhu, har mai wucewa ba ya iya ganin abin da ke bayansu. Aka cika wurin da juji da fasassun kwalabe, aka ɓata bangaye da rubuce-rubuce. Mutane suka shiga tsoron lambun. Da mutanen kirki suka daina zuwa, sai maɓarnata suka sami sarari, da maɓarnata suka yi yawa kuwa, sai tsoro ya ƙaru.

A 1980 waɗansu mutanen birnin suka kafa ƙungiya don su taimaki hukuma ta gyara Central Park. Shugabarsu, Elizabeth Barlow Rogers, ta roƙi wata mace mai suna Lynden Miller ta ɗauki nauyin lambun nan a 1982. Ita Lynden Miller sana'arta zanen hotuna ce, amma ta san sha'anin shuka, ta kuma san launin da ke dacewa da wani. Ta bi masu hali ta nemi gudummawa, sa'an nan ta nemi waɗanda za su zo su yi aiki ba lada. Abin ya yi kama da gayya, sai dai wannan gona ba ta mutum ɗaya ba ce, ta duk garin ce, ba kuwa wanda zai kai amfaninta rumbu.

Gyaran komin da ciyawa ta cinye ba aikin gaggawa ba ne. Da farko a kan kwashe juji. Daga nan sai a durƙusa a duba da kyau, don sau da yawa akwai tsohon fure mai rai a ɓoye cikin ciyawar, wanda ya shiga da adda yana sara barkatai sai ya hallaka shi. Ciyawar kuma ba a yanke ta, tumɓuke ta a kan yi har saiwa. Duk yaron da ya taɓa noma inda ƙiri-ƙiri ya kama ya san dalili: in an bar guntun saiwa ko da tsawon ɗan yatsa ne, ruwa na sauka sai ta tofo. Bayan wannan a kafce ƙasa, a gauraya ta da takin ruɓaɓɓen ganye, a baje da manjagara. Tsohon furen da ya yi cunkus a kan tono shi, a raba gindinsa gida uku ko huɗu, a dasa kowane dabam, ka ga an sami iri ba a kashe ko anini ba. Dogaye a kan sa su baya, gajeru a gaba, don kada wani ya tare wa wani rana.

Akwai wani fure da ake ce da shi tulif, mai kai kamar na albasa. Shi wannan sai ya sha sanyi sosai kafin ya yi fure mai kyau. Saboda haka a watan Oktoba ko Nuwamba a kan binne shi, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, komi ya zauna fayau kamar ba kome a ciki. Mai shuka ya yi ta jira wajen wata biyar ko shida. Sai cikin Afrilu furanni su fito, ja da fari da ruwan ɗorawa.

Aka yi shekaru ana wannan fama, ana datse shinge, ana wanke bangaye, ana dasawa. A 1987 aka yi bikin sake buɗe lambun. Mutanen unguwar East Harlem, waɗanda ke maƙwabtaka da shi, suka komo da 'ya'yansu. Yanzu har amare da angwaye sukan zo a ɗauke su hoto a tsakanin furanni. Ciyawa dai ba ta san an yi biki ba, kowace shekara sai ta tsiro, ma'aikatan lambun da masu aikin sa kai su durƙusa su tumɓuke ta.