Ɓaure Ba Ya Nuna Rana Ɗaya

Ɗana, na ji labarin kana shirin ajiye allo da littattafan lakwal ka bi motocin Agadas, domin tun da aka tono zinariya a Jado a 2014 samarin Gure ba su da wata hira sai ta wanda ya tafi da takalmin roba ya dawo da babur. Ba faɗa zan yi maka ba, ƙarfin faɗa ya ƙare mini. Zauna dai in ba ka zancen ɓaure, wata itaciya wadda Allah Ya yi rantsuwa da ita tare da zaitun a Suratut Tin, wadda kuma Bani Isra'ila suka daɗe suna karatun rayuwa a jikinta.

A littattafansu, ganyen ɓaure ne Annabi Adamu da Nana Hauwa'u suka ɗinka suka suturta kansu, kuma idan suna son kwatanta zaman lafiyar zamanin Annabi Sulaiman, sai su ce kowane magidanci yana zaune a inuwar inabinsa da ɓaurensa. Ka lura da hikimar, domin gero wata uku ne ka girbe ka tashi, amma mai dasa ɓaure ya yi niyyar zama, sai ya shekara yana ban ruwa yana korar awaki kafin ya ɗanɗana ko ɗaya, saboda haka inuwar shaida ce cewa yaƙi bai kore shi ba, shi ma bai kori kansa ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne bayanin wani malaminsu, Yohanan, wanda ya karantar a Ɗabariyya a ƙarni na 3, aka kuma adana maganarsa a littafinsu na Talmud. Ya kamanta karatun Attaura da ɓaure, domin ƴaƴansa ba sa nuna gaba ɗaya a sare a kai rumbu; yau ka laluba ka sami biyu, gobe ka sami uku, wanda kuwa ya zo sau ɗaya da kwando zai koma yana zagin itaciyar. Mu da muka yi zaman tsangaya mun san gaskiyar wannan ba tare da an fassara mana ba, domin ayar da ka wanke kana yaro, sai gemunka ya yi fari wata rana ta buɗe maka a wurin jana'iza ko wurin sulhun ma'aurata. Gaggawarka, ɗana, ita ce zuwa da kwando.

Wancan ɓauren Sham ne, mai zaƙi. Namu na bakin kwari, wanda yara ke ɓarewa su hure ƙwarin ciki kafin su ci, shi ma yana cikin labarin. Amos, makiyayi daga garin Tekowa da suke ƙirgawa cikin annabawansu, wanda ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, sana'arsa ta biyu kula da irin wannan ɓauren ce, kuma a Masar har kusa da zamaninmu manoma kan tsaga ɗanyen da wuƙa, domin raunin ne ke sa shi ya kumbura ya nuna cikin ƴan kwanaki. Idan maganar babanka ta yi maka zafi shekaranjiya, to irin wannan tsagar ce, kuma hannun da ya yi ta ba na maƙiyi ba ne.

A Linjilar Luka akwai misalin mai gonar da ya shekara uku yana zuwa bai sami komai a ɓaurensa ba, har ya ce a sare, sai mai kula da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda ya yi kaftu ya zuba taki. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, daga wurinka da wurin babanka. Ka gama ajin bana, ka taya shi kafa shingen tare rairayin da ke neman binne dabinon kwarinku, in Allah Ya kai mu kaka mu sake zama mu uku, kuma in har lokacin zuciyarka tana Jado, ni zan nema maka izininsa da bakina.