Yadda Ake Kwaikwayon Zanen Tsohon Lifidi

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke ƙasar Hausa. Lifidi dai tufa ne mai ruɓi biyu da aka cusa wa auduga, domin kibiya ta maƙale ciki ba ta kai jikin doki ko mahayinsa ba. Yaƙi ya ƙare, amma 'yan lifida suna nan a hawan Salla.

Abin da ke neman ɓacewa shi ne zanen, watau yadda aka harhaɗa ƙyallaye ja da fari da baƙi da shuɗi, waɗansu murabba'i, waɗansu masu kusurwa uku. Ba a rubuce yake ba. Yana jikin tsofaffin lifida, kuma asu da gara ba su san darajarsa ba. Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya sa a fito da wanda ke ajiye gidansa, ko da ya yage, malaminsa ya sauke zanen a takarda.

A shimfiɗa shi a inuwa bisa tabarma. Malami ya auna ƙyalle ɗaya na kowane iri da inci, ya ƙidaya nawa ne a jere guda, sa'an nan ya zana. Wajen launi kuwa kada ya gaskata abin da ido ya fara gani, gama rana ta koɗar da shi. Sai ya buɗa bakin ɗinki kaɗan, can ciki launin asali yake ɓoye. Wanda ya ƙi wannan ɗan wahala, sai ya rubuta ruwan ƙasa inda magabata suka sa ja.

Maɗinki ya yanka kwali daidai da kowane ƙyalle, ya ƙara rabin inci kewaye saboda cin allura. Lalle a wanke yadi tukuna, don jan rini yakan zuba ya ɓata fari. A haɗa ƙyallaye jere jere, kana a haɗa jere da jere, ana lura kusurwa ta sadu da kusurwa. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba, in ya maimaitu sau ashirin, ya karkatar da zanen duka.

Bayan haka a sa shafi na akoko, a ɗinke su tare layi layi, a cusa audugar rimi tsakanin layukan da siririn kara. Layukan nan su ne ke hana auduga zamewa ta taru ƙasa. Tun da yake ba kibiya za a tare ba, ba sai an cika shi tim ba, doki ma ya huta da nauyi.

Takardar zanen a yi ta biyu, a rubuta sunan gari da shekara: ɗaya ta zauna ofishin hakimi, ɗaya a aika fadar Sarki.